Rigar ruwan hoda da tay yi jiran wata takwas da rabi a cikin akwati

Ni tela ne, shekara 17 kenan ina taka keke a Mabera nan cikin Sakkwato, ɗinkin maza nike yi, kaftani da jamfa da babbar riga, da ɗan yunifom na makarantu in ya samu. Wanga abu da zan zayyana ya faru ne a shagona tsakanin Fabrairu da Afrilun 2025, kuma saboda 'yan uwana teloli na zauna na rubuta shi, don aikin coci na shigo muna jefi jefi kuma da yawanmu mun ɗauka in anka ce ja ko shunayya to duk wanda ka samu a kasuwa mai kama da shi ya wadatar. Ni ma haka na ɗauka har sai da na ƙone hannuna sau biyu cikin wata guda.

Wadda ta kawo aikin wata dattijuwa ce 'yar Zuru, maƙwabciyarmu ce tun ina yaro, Mama muke ce mata duk unguwa, kuma tana cikin shugabannin zumuntar mata a wata ƙaramar cocin Katolika da ke bayan gari. Matan ne sunka yi karo-karo kusan shekara guda don su sake kayan cocin gaba ɗaya saboda tsofaffin rana da wanki sun cinye su, shunayyar har ta koma kamar toka. Abin da za a ɗinka kala biyar ne, kowace kala da abu huɗu: rigar da Fada, wato limaminsu, ke ɗorawa sama lokacin Mas, babbar ibadarsu ta coci, da wani siririn ƙyalle mai tsawo da yake ratayawa a wuya wanda suke ce ma sitol, da zanen da ake sakawa gaban bagadi, da ƙaramin zanen da ke rufe teburin karatu. Na auna na ga kowace kala za ta ci yadi 9, duka yadi 45 kenan. Tun ranar nic ce ma Mama ni iyakata yanka da ɗinki, aikin gicciye da sauran alamomin addininsu ba zan sa hannu ba, tac ce ai dama ba su sa rai ba, akwai tsiri da anka riga anka yi ma ado suna sayowa daga Anacha, wata cikinsu mai keke ita ka liƙawa. Munka rabu a haka kowa ya san iyakarshi.

Ɗinkin kanshi ba wani abu ne mai wuya ba. Rigar Fada kamar babbar rigarmu take in ka cire aiki ka cire aljihu, rami ne tsakiya na kai, gefe da gefe a buɗe, inda hannu ke nunawa shi ne lanƙwasar ƙasa don in ba ta zagaya daidai ba sai ka ga gefe guda ya hi guda tsawo in mutum ya ɗaga hannu. Inda matsalar take shi ne wata 'yar takarda da Mama ta miƙo min wadda katikis ɗinsu, mai koyar da addini a cocin, ya rubuta, kowace kala da kwanan wata a gefenta. Shunayya 5 ga Maris. Ruwan hoda 30 ga Maris. Ja 13 ga Afrilu. Fari 17 ga Afrilu. Kore ya rubuta "ba sauri". Na duba sama sama na soke ta a ƙusa inda nike soke awon mutane. A raina nic ce wanga dai salon kwastoma ne, kowa sai ya sa maka kwana na kusa don kada ka yi mai alkawalin tela.

Na farko da na fara yankawa kore ne, wanda anka ce ba sauri, don kawai ina da ragowar koren yadi mai kyau a shago. Kun ga tun nan na fara hawa dokin ta baya.

Azumi ya kama ranar Asabar 1 ga Maris, kuma duk tela ya san abin da wannan ke nuhi, kaya sun fara tsibi, wuta ba ta tsayawa, zafin Sakkwato na Maris kuma ga shi ya fara buɗe ido. Sai na aiki yarona kasuwa da kuɗin yadi 9 nic ce ya sayo fafal. Ya zagaya ya ce ya samu amma guntu guntu ne, yadi uku nan, yadi biyu can, kuma ba su yi kala guda ba, sai wani mai shago ya nuna mai bandir guda cikakke yac ce ai shi ma fafal ne mai duhu. Ya kawo bayan magariba, na duba da fitilar caji na ga ya yi, na shimhiɗa na yanka, dare biyu na gama saitin duka har guga.

Ranar Litinin 3 ga wata katikis yaz zo karɓa. Dattijo ne mai sanyin magana, tsohon malamin firamare, Baba nike ce mai. Bai ce komi ba cikin shago, ya ɗauki rigar ya fita da ita bakin titi cikin rana ya buɗe ta, sannan ya zaro tsohon sitol daga jakarshi ya ɗora kai. Ko ni daga inda nike zaune na gani. Jinin kare ne tsaf, ja ne mai duhu, ba ya da alaƙa da shunayya sai dai a hasken fitila.

Nic ce Baba ai sun yi kusa, daga nesa wa zai gane. Yac ce ɗana zo ka zauna.

Abin da ya gaya min a kan bencin nan shi ne asalin darasin, don haka bari in tsaya kanshi. Shekarar coci ba Janairu take farawa ba, tana farawa ne Lahadi huɗu kahin Kirsimeti, wato ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, lokacin da suke ce ma Adbent, lokacin jira, kalarshi shunayya. Daga nan Kirsimeti a sa fari. In an wuce bikin baftismar Yesu cikin Janairu a koma kore na 'yan makonni. Sai Larabar Toka ta zo a koma shunayya har kusan Ista, shi ne lokacin azuminsu na tuba. Ista fari har kwana 50, ranar ta hamsin ita ce Fentikos a sa ja, daga nan kore ya ɗauka har shekara ta zagayo, koren nan in ka haɗa guda biyun makonni 33 ne ko 34, shi ya sa shi ne ke saurin tsuhwa. Ja na jini ne da wuta, ana sa shi Lahadin ganyen dabino, da Juma'ar da suke tuna gicciye, da Fentikos, da ranakun waɗanda anka kashe saboda addini. To yac ce min a cocinsu akwai tsofaffi da yawa da ba su karatu, ba su da kalanda a ɗaki, tsohuwa na shigowa ƙofa ta hangi bagadi ta san inda shekara take, ta san yau za a rera Halleluya ko ba za a rera ba, don duk tsawon azumin ba a faɗinta. Yac ce in Fada ya hito da ja ranar Larabar Toka daidai yake da a ce ku kun ji an buga bindigar Sallah ranar ɗaya ga azumi. Nan na yi shiru don na gane.

Ya ƙara min da cewa abin ba Fadansu ne ya zaɓa don ya burge ba, a rubuce yake cikin littahin tsarin Mas kuma haka ake yi daga Roma har ƙauyen da ya hi kowane nisa. Wajen shekara ta 1200 Fafaroma Innocent na uku ya rubuta kala huɗu da ake aiki da su a Roma, fari da ja da baƙi da kore, sannan littahin Mas na 1570 zamanin Fafaroma Pius na biyar ya tabbatar da su da shunayya cikinsu. Baƙi yanzu ya ja baya, har jana'iza da yawa shunayya ko fari suke sawa. 'Yan Angilika ma na bin kusan wanga tsari, amma irin su ECWA da Baftis ba su cika damuwa da shi ba, wannan ya sa in fasto ya kawo maka labulen coci yana iya ce maka zaɓi mai kyau kawai, kai kuma sai ka ɗauka duk haka suke.

Saura kwana biyu. Na kira wani abokina da ke da shago a Kantin Kwari a Kano, na tura mai hoton tsohon sitol ɗin ta WhatsApp, yac ce hoto ƙarya yake yi, kowace waya da kalar da take nunawa, kuma gaskiyarshi ce. Sai na kwatanta mai da baki, nic ce ka san ɓawon albasarmu, to ya hi shi duhu kuma ya karkata wajen shuɗi, in ka ga yana jan ido zuwa ja ka aje. Ya fitar da bandir uku waje cikin rana ya yi min bidiyo, ni da Baba munka zaɓi na tsakiya. Anka ba direban motar safe ranar Talata don yanzu ba kowa ke son bin hanyar Gusau da dare ba, saƙon ya iso tasha ana gab da shan ruwa. Bayan tarawihi na hau keke, wuta ta ɗauke wajen sha ɗaya na koma na ƙafa, yaro na gefe yana hura gawayin dutsen guga, munka gama ana kiran assalatu. Mai liƙa tsiri na zaune gidan Mama tana jira da nata keken. Ƙarfe shida da rabi kayan na coci.

Tokar da suke shafawa a goshi ranar, Baba ya ce min ganyen dabinon bara ne ake tarawa a ƙona. Kuma kwana 40 ɗin da ake faɗi, in ka ƙirga daga Larabar zuwa jajibirin Ista 46 za ka samu, sai an cire Lahadi shida don ba a azumi ranar Lahadi. Azumin ma ba irin namu ba ne na kame baki daga alfijir, kwana biyu ne na dole, Larabar Toka da Juma'ar gicciye, sai barin nama duk Juma'a, sauran kowa da abin da ya ɗora ma kanshi.

Kuɗin yadin Kano da kuɗin mota daga aljihuna sunka hita, ban ko yi gardama ba don laihina ne, ni na yanka yadi da dare ban jira rana ba. Abin da ya ɗan rage min asara shi ne Fada ya duba jinin karen yac ce ja mai duhu ya halatta a ranakun ja, zai ma dace da Juma'ar gicciye. Sai saitin da na ɓata ya koma shi ne saitin ja, kuɗin da anka ware ma ja ya dawo min. Na ji daɗi ƙwarai, kuma ina jin wannan saukin da na samu ne ya sa ban ɗauki darasin da kyau ba, don kuskure na biyu ya hi na farko ciwo kuma ba ya da gyara.

Ruwan hoda. Tun farko ni kalar nan dariya ta ba ni, nic ce ma Mama namiji babba zai sa ruwan hoda gaban jama'a, tac ce kai dai ɗinka. Ashe sau biyu tak ake sa ta a shekara, Lahadi ta uku ta Adbent da Lahadi ta huɗu ta azumi. Shunayya ce anka sassauta, alamar an ci rabin hanya a ɗan numfasa, ta azumin sunanta da Latin Laetare wato ku yi murna, ranar ana yarda a sa hure a bagadi duk da ana cikin azumin. Kuma ba dole ba ce, cocin da ba ta da ita sai ta ci gaba da shunayya. Wagga kalma ta "ba dole ba" ita na riƙe. Abin da ban lissafa ba shi ne cocin nan tun da anka gina ta ba su taɓa mallakar ruwan hoda ba, a hotuna kawai suke gani, kuma cikin kala biyar ɗin ita ce matan sunka hi ɗoki, ita ce sabon abu, sauran huɗun maye gurbin tsofaffi ne. Har sun sanar a coci cewa ranar 30 ga wata za a gani, wasu sun yi ankon ɗankwali ruwan hoda.

Yadin na nan tun tsakiyar wata, na saye shi da rana wannan karon, Baba ya gani ya amince. Amma goman ƙarshe ta azumi tela ba mutum ba ne. Kaftani sama da sittin rataye, kowa na zuwa da ɗanshi yana cewa nashi kawai za a taimaka a gama. Kullum in na kalli ledar ruwan hodan sai in ce gobe, ai aikin dare guda ne. Lissahin da na yi shi ne azumi zai cika talatin, Sallah ta kama Litinin 31, in haka ne daren Asabar sai in ba coci, ranar Lahadi in ƙarasa na Sallah. Na gina alkawalin mutane kan wata da ba ni na ke da iko da shi ba.

Daren Asabar 29 ga Maris sanarwa ta hito daga fadar Sarkin Musulmi cewa an ga wata, gobe Lahadi Sallah. Wanda bai taɓa zama shagon tela a irin wanga dare ba ba zai gane ba. Kahin minti talatin ƙofar shagona ta cika, babura sun tare hanya, wani na riƙe da wandon da ba a sa ma zariya ba, wani na rantsuwa ba zai tahi ba sai da rigarshi. Wajen ƙarfe tara na hangi Mama tsaye can bayan mutane da ledarta a hannu, ba ta kutsa ba, ta jira har na ɗago. Tac ce Malam tela ya ake ciki. Na kasa haɗa ido da ita, nic ce Mama ko yankawa ban yi ba. Ta ɗan tsaya, tac ce to Allah Ya kai mu goben, barka da Sallah, ta juya. Wallahi da zagina ta yi da ya hi min sauƙi.

Ranar Lahadi muna idi su suna Mas, Fada ya sa shunayya, ba a karya wata doka ba, ba wanda zai ce an yi ba daidai ba. Amma matan da ankon ɗankwalinsu sunka zauna suna kallon bagadi da shunayya, kuma Mama ce ta miƙe ta ba da haƙuri don ita ta kawo tela.

In na zauna na duba, haɗuwar ranakun nan ba wani abin ɓoye ba ne, yana kan takardar da na soke a ƙusa. Ista ba ta da tsayayyen kwanan wata kamar Kirsimeti, ita ma da wata take tahiya, Lahadin farko ce bayan farin wata ya cika da'ira karon farko daga 21 ga Maris, shi ya sa take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, kuma duk sauran ranakun azuminsu daga ita ake ƙirgo su baya. A 2024 ta kama 31 ga Maris, a 2025 ta kama 20 ga Afrilu. Namu azumin kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, to 'yan shekarun nan sun shigo cikin juna, kuma da na ɗauki kalanda minti biyar ranar da anka kawo aikin da na ga 30 ga Maris na zaune daidai bakin Sallah, da ruwan hodan na fara yankawa a Fabrairu lokacin da shago ke hutawa maimakon koren da ba a buƙata sai bayan Fentikos, 8 ga Yuni. Yaro bai da laihi, kasuwa ba ta da laihi, NEPA ma wannan karon ba zan ɗora mata ba.

Farin na kai shi tun 10 ga Afrilu, mako guda kahin lokaci, don daren Alhamis ɗin 17 suke fara sa shi, bayan Mas ɗin daren kuma su kwashe komi daga bagadi su bar shi tsirara har daren Asabar. Washegarin Ista, 21 ga Afrilu, Fafaroma Francis ya rasu, da anka nuna jana'izar a talabijin ranar 26 na ga manyan limamansu jere cikin ja, na kira Baba nic ce ba kun ce Ista fari ba, ya yi dariya yac ce jana'izar Fafaroma da ja ake yi, yac ce ashe ka fara karatun kala.

Yanzu duk aikin da ya shigo daga coci abu na farko ina tambaya wace coci ce, in Katolika ce ko Angilika sai an kawo min tsohon ƙyalle na gwaji, ba na karɓar kala ta waya, ba na yanka sai na fitar da yadin rana, kuma kwanan watan ina rubuta shi da alli a bango kusa da na Sallah.

Ruwan hodan kuwa na ɗinka shi ranar Alhamis 3 ga Afrilu, awa biyar ya ɗauke ni, ban karɓi kuɗin ɗinki ba duk da Mama ta matsa. Kwana huɗu kacal na makara, amma ba ranar da za a sa shi sai Lahadi ta uku ta Adbent. Anka naɗe shi da kafur anka sa a akwatin ƙarfe a ɗakin ajiyar coci, damina ta zo ta wuce, anka yi girbi, hunturu ya shigo. Ranar 14 ga Disamba da yamma Mama ta biyo ta shago da ɗankwalinta ruwan hoda, ta nuna min hoto a wayar jikarta, tac ce kafaɗar hagu ta ɗan sauka amma ba laihi.